Zazzaɓin Lassa: Yadda almakashin ƙwayoyin halitta zai iya kawo gwaji kusa da majinyaci

A watan Janairun 1969, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka mai suna Laura Wine, da ke aiki a asibitin mishan na garin Lassa, a kudancin Jihar Borno ta yau, ta kwanta da zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Jos, ta rasu a can. Ba a jima ba Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta ce ga garinku nan. Ta ukunsu, Lily Pinneo, sai da aka kai ta Amurka kafin ta sha da ƙyar. Samfurin jininsu ya ƙetare teku har Jami'ar Yale, inda masana suka gano cewa wata bairas ce da ba a taɓa sani ba, aka laƙaba mata sunan garin da ta fara bayyana. Shekara guda bayan haka, cutar ta yi ajalin likita Jeanette Troup a Jos.

Fiye da shekara hamsin ke nan. Yanzu jinin majinyaci ba ya buƙatar ƙetare teku, amma tazarar da ke tsakaninsa da ɗakin gwaji ba ta gushe ba. Kowace shekara idan rani ya kama, cutar takan tashi a jihohin Edo da Ondo da Bauchi da Taraba da Ebonyi da wasunsu. Ɗakunan gwajin da ke iya tabbatar da ita kuwa ƙalilan ne, a wurare irin su Irrua da Owo da Abakaliki da Legas da Abuja da Bauchi. Kafin a ɗebi jini a ƙaramin asibiti, a samu abin hawa, a kai shi, sakamako ya dawo, kwanaki sun shuɗe. Wani lokaci takardar sakamako kan iske ana zaman makoki. A watan Janairun 2020, Kano ta yi rashin likitoci biyu da suka kamu da cutar a bakin aikinsu na ceton rai.

Akwai wata fasaha da ke da damar rage wannan tazara, kuma masanan ƙasar nan suna cikin waɗanda suka jarraba ta. Sunanta CRISPR, ana furta shi Kirisfa. Duniya ta san ta a matsayin almakashin gyaran ƙwayoyin halitta, amma a ganina amfaninta mafi kusa da talakan Najeriya shi ne gano cuta da wuri, a inda majinyaci yake. Sai dai wannan amfani yana da sharuɗɗa, kuma yawancinsu a hannunmu suke.

Zazzaɓi suna ya tara

A bakin Bahaushe, zazzaɓi zazzaɓi ne. Jiki ya yi zafi, kai ya yi ciwo, gaɓoɓi sun mutu, sai a nufi kemis a sayo maganin maleriya. Idan bai sauka ba a ce taifot ne, a rataya ƙarin ruwa. Farkon zazzaɓin Lassa bai bambanta da waɗannan ba, ko a idon ƙwararren likita. Zubar jinin da mutane suka fi saninsa da ita ba kowa yake yi ba, kuma idan ta zo, ciwo ya riga ya yi nisa.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka kamu ba sa nuna wata alama mai tsanani. Amma cikin waɗanda ciwon ya kwantar a asibiti, kimanin kashi 15 ko fiye sukan rasu. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke kan samu matsalar ji. Mace mai tsohon ciki kuwa tana cikin haɗari babba, ita da abin da ke cikinta. Asalin cutar daga fitsari da kashin wani nau'in ɓera ne da ke shiga gidaje da rumbuna, sannan ta bi jini da sauran ruwan jiki daga mutum zuwa mutum. To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jinkirin gano cutar ne ke ba ta damar bin masu jinya da ma'aikatan asibiti ɗaya bayan ɗaya. Maganin ribavirin da likitoci suka daɗe suna amfani da shi ma, an fi sa rai da shi idan an fara a kwanakin farko.

Hanyar da aka fi dogara da ita wajen tabbatar da cutar ita ce gwajin PCR, wanda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983. Gwaji ne mai inganci ƙwarai, yana ninka ɗan guntun ƙwayar halittar bairas sau miliyoyi har a iya ganinsa. Amma yana buƙatar na'ura mai tsada da ke ɗumama samfur ta sanyaya shi sau da dama, da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa, da firji, da ƙwararren ma'aikaci. Duk wanda ya san asibitocinmu na karkara ya san ba a nan ake samun waɗannan ba. Tsinken gwaji irin na maleriya kuma yana da sauƙi da araha, sai dai furotin yake nema a jini, don haka idan ƙwayar cutar ba ta yi yawa ba yakan kasa ganin ta. Abin da masana suka daɗe suna nema shi ne gwajin da zai haɗa kaifin idon PCR da sauƙin tsinke.

Makamin da aka aro daga bakteriya

Kowace halitta tana ɗauke da rubutun asalinta a cikin sinadarin DNA, rubutun da haruffa huɗu kacal suka gina. Wasu nau'o'in bairas, irin su Lassa da Ebola da korona, nasu rubutun a cikin RNA yake, wanda ɗan'uwan DNA ne. Kamar yadda zanen yatsan wani ba ya zama na wani, haka jerin haruffan kowace ƙwayar cuta yake da sassan da babu mai irinsu. Wanda ya iya karanta wannan sashe ya san cutar da sunanta.

Abin mamaki shi ne bakteriya sun riga ɗan Adam sanin wannan dabara. Su ma suna da abokan gaba, wato nau'o'in bairas da ke afka musu. Idan bakteriya ta tsira daga hari, takan yanki ɗan guntun rubutun maharin ta adana a cikin nata, kamar yadda ofishin 'yan sanda ke manna hoton ɓarawo a bango. Ran da ya dawo, sai ta kwafi hoton ta miƙa wa wani furotin mai suna Cas, shi kuma ya bi sawu, ya samo mai kama da hoton, ya datse shi.

Yoshizumi Ishino na Japan ne ya fara lura da waɗannan jerin haruffa masu maimaituwa a 1987, ba tare da an san aikinsu ba. Francisco Mojica na Sifen ya shafe shekaru yana nazarinsu, a 2005 ya nuna cewa guntayen da ke tsakaninsu daga bairas suka fito. A 2007 masanan kamfanin Danisco, masu nazarin bakteriyar da ake yin yogot da ita, suka tabbatar cewa garkuwa ce. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna cewa mutum zai iya rubuta hoton da kansa, ya tura furotin Cas9 ya yanke duk inda aka so. Wannan aiki ne ya ba su kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2020.

Daga nan hankalin duniya ya karkata ga gyaran halitta. A 2018 wani masani ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar cewa ya sauya ƙwayoyin halittar wasu tagwaye tun kafin a haife su, duniya ta yi tir da shi, kotu ta ɗaure shi shekara uku. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da aka yi da wannan almakashi, domin masu cutar sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, amma kuɗin maganin a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda. Ga iyayen da ke kwana a asibiti da ɗansu, wannan kallo ne daga nesa.

Ɓarnar da ta zama alheri

Labarin gwaji ya faro ne daga wata ɗabi'a da a farko ta yi kama da aibi. Cas9 idan ya samu abin da aka aike shi nema, yanka ɗaya yake yi ya tsaya. Amma a 2016 aka gano cewa wani ɗan'uwansa, wanda daga baya aka raɗa wa suna Cas13, ba haka yake ba. Kafin ya ga mai kama da hoton, shiru yake. Da zarar ya gan shi, sai ya hau sara ba ji ba gani, duk zaren RNA da ke kusa sai ya daddatse shi. Ga mai son gyaran halitta wannan ɓarna ce. Ga mai son gano cuta kuwa ƙararrawa ce.

Ga yadda ake amfani da ita. A zuba samfurin jini ko yawu a ƙaramar kwalba, a ninka rubutun bairas ɗin da wata hanya da ke aiki a zafi ɗaya, kusan zafin jikin mutum, ba sai da na'urar PCR ba. Sai a saka Cas13 tare da hoton cutar da ake nema, a kuma zuba dubban ƙananan zaruruwan RNA, kowanne an ɗaura masa sinadari mai haske a baki ɗaya, da mai danne hasken a ɗaya bakin. Idan babu cutar, almakashi ba zai motsa ba, zaruruwan suna nan yadda suke. Idan tana nan, zai tsinka su, haske ya bayyana. Ana kuma iya tsara shi ta yadda za a tsoma tsinken takarda, layi ya fito, kamar tsinken gwajin ciki da mata suka sani. Duka aikin awa ɗaya ne zuwa biyu.

A 2017 Feng Zhang da James Collins da ɗalibai biyu, Jonathan Gootenberg da Omar Abudayyeh, suka fitar da wannan gwaji a Amurka da sunan SHERLOCK, suka nuna yana bambance bairas ɗin Zika da ta denge, waɗanda suke kama da juna ƙwarai. Sun ƙiyasta kuɗin sinadaran gwaji ɗaya a kan santi 61 na dala. A 2018 ɗakin binciken Doudna ya fito da DETECTR, mai amfani da Cas12, ya bambance nau'i na 16 da na 18 na bairas ɗin HPV, waɗanda su ne kan gaba wajen haddasa kansar bakin mahaifa. Zuwan korona ya gaggauta al'amarin. A watan Mayun 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba da izinin gaggawa ga gwajin korona na SHERLOCK. A watan Satumba na shekarar, Indiya ta amince da nata mai suna FELUDA, wanda masananta biyu, Debojyoti Chakraborty da Souvik Maiti, suka samar a wata cibiyar binciken gwamnati da ke Delhi. Tun asali domin gano sikila suke aikin, annoba ta zo suka juya akalarsa.

Darasin da ke cikin labarin Indiya shi ne sauƙin juyawa. Almakashin ɗaya ne, hoton kawai ake sauyawa. Idan sabuwar cuta ta ɓulla aka karanta rubutunta, cikin ɗan lokaci za a iya rubuta mata hoto. Ya kuma kamata mai karatu ya riƙe wannan: a wajen gwaji ba a saka wa mutum komai a jiki, ba a taɓa ƙwayar halittarsa. Duk abin da ke faruwa, a cikin kwalba yake faruwa.

Daga Ede zuwa asibitin ƙauye

A garin Ede na Jihar Osun, a Jami'ar Redeemer's, akwai cibiyar nazarin ƙwayoyin halittar cututtuka masu yaɗuwa ta ACEGID, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi. Cibiyar ta taka rawa wajen tabbatar da Ebola lokacin da ta shigo Legas a 2014, kuma ita ce ta fara karanta cikakken rubutun bairas ɗin korona a Afirka a watan Maris na 2020. A wannan shekarar, tare da ɗakin binciken Pardis Sabeti na Cibiyar Broad a Amurka da abokan aikinsu na Saliyo, suka wallafa sakamakon gwajin SHERLOCK na Lassa da Ebola a mujallar Nature Communications. Sun jarraba shi a Najeriya da Saliyo. Sun nuna cewa ana iya kashe kaifin bairas ɗin da zafi da sinadari kafin a fara aiki, abin da ke kare mai gwaji, sun kuma haɗa da manhajar waya da ke karanta tsinken ta aika sakamako.

Wani abu a cikin wannan bincike ya cancanci a tsaya a kansa. Bairas ɗin Lassa ba iri ɗaya ba ce. Tana da zuriyoyi da suka bambanta sosai a rubutu, ta Saliyo daban, na Najeriya ma sun kasu. Dole ta sa masu binciken suka rubuta hoto daban domin wata zuriyar Najeriya, wani daban domin ta Saliyo. Ma'anar wannan a fili take. Gwajin da aka tsara da samfurin wata ƙasa yana iya kallon majinyacin Bauchi ko Jalingo ya ce lafiyarsa ƙalau, alhali cutar na cinsa. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda zai riƙa ɗebo samfur daga jihohinmu, ya karanta, ya lura da sauyin da bairas ke yi, ya sabunta hoton, dole ya kasance a nan yake zaune. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Inda gizo ke saƙa

Ba daidai ba ne a zuzuta fasahar fiye da matsayinta. Har yanzu PCR ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi, kuma gwaje-gwajen Kirisfa da suka fita daga ɗakin bincike suka shiga asibiti ba su da yawa. Kaifin idon gwajin ma yana da nasa haɗari, domin idan ɗan ɓurɓushin samfurin wani ya faɗa kwalbar wani, sai a ce mai lafiya yana da cuta. Sinadaran suna lalacewa a zafi, sai an busar da su ta hanya ta musamman kafin su jure tafiya ba firji, kuma abin da ya jure yanayin Boston ba lallai ya jure watan Afrilun Sakkwato ko Maiduguri ba. Santi 61 ɗin nan ma kuɗin sinadari ne kawai. Bai haɗa da haƙƙin mallakar fasaha da sufuri da kwastan da horar da ma'aikata da faɗuwar darajar Naira ba.

Muna da darasi a gida. Tun bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert ta gwajin tarin fuka a 2010, an rarraba ta a asibitocin ƙasar nan, ta kuma taimaka ƙwarai. Amma ma'aikatan lafiya sun san yadda rashin wuta da zafin ɗaki da yankewar kayan aiki ke tsayar da ita. Na'ura ba ta aiki ita kaɗai. Haka nan, sakamako ba magani ba ne. Idan tsinke ya nuna Lassa a asibitin da babu safar hannu, babu ɗakin keɓewa, babu motar da za ta kai majinyaci cibiyar jinya, an san ciwo ne kawai ba a tsinana komai ba.

Sai kuma batun amana. Kano ba ta manta da gwajin maganin Trovan na 1996 lokacin annobar sanƙarau ba, kuma kowa ya ga yadda zargi ya tsayar da rigakafin shan-inna a 2003, cutar ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe. Duk fasahar da sunanta ya haɗu da "ƙwayoyin halitta" za ta gamu da jita-jita tun kafin ta sauka daga mota. Maganin wannan shi ne a yi wa mutane bayani da harshensu tun da wuri, a nemi yardar duk wanda za a ɗebi jininsa, a faɗa masa inda samfurin zai je da wanda zai ga sakamakon. Malamai da sarakuna da gidajen rediyo su ji bayanin daga bakin masana kafin su ji shi daga bakin masu yaɗa ƙarya a WhatsApp.

Abin da ya rage mana

A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Ƙasar da aka yi alƙawarin a babban birninta ba ta kai ko kusa ba. Yawancin binciken da aka ambata a sama da tallafin waje aka yi shi, kuma mai ba da tallafi yana iya juya baya ran da ya ga dama.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Asusun TETFund da gwamnatocin jihohin da cutar ta addaba su ɗauki nauyin binciken da zai jarraba irin wannan gwaji a asibitocin Arewa, a zafinmu da ƙurarmu, a kwatanta shi da PCR a kan majinyata na gaske. Jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero da Maiduguri da Usmanu Ɗanfodiyo suna da sassan nazarin ƙananan halittu da sinadaran jiki, suna da asibitocin koyarwa. Su ƙulla aiki da Ede da Irrua, su karanta rubutun bairas ɗin da ke yawo a yankinsu. Hukumar NAFDAC da hukumar daƙile cututtuka ta NCDC su shimfiɗa ƙa'idar tantancewa tun yanzu, don kada a buɗe ƙofa ga 'yan kasuwar da za su cika kemis da tsinken jabu. A kuma fara tunanin haɗa sinadaran a cikin gida, domin lokacin korona mun ga yadda kowace ƙasa ta rungume kayan gwajinta, aka bar Afirka a ƙarshen layi.

Ga ɗalibanmu masu karanta kimiyyar halittu, waɗanda ake yawan ce musu karatunsu ba ya da kasuwa, ga fage nan a buɗe. Gootenberg da Abudayyeh ɗalibai ne lokacin da suka yi aikin SHERLOCK. Rubuta hoton da zai kama wata zuriyar bairas aiki ne na kwamfuta da ilimi da naci, ba sai an gina katafaren masana'anta ba.

Bahaushe ya ce rashin sani ya fi dare duhu. Ma'aikaciyar jinyar da ke karɓar mai zazzaɓi da tsakar dare a ƙaramin asibiti tana da haƙƙin sanin abin da take taɓawa, majinyacin kuma yana da haƙƙin a san ciwonsa tun ana iya ceto shi. Ilimin da zai ba su wannan ya samu. Ko zai isa gare su kafin wani ranin, ko zai tsaya a shafukan mujallun Turai, wannan ya danganta da abin da masu riƙe da kasafin kuɗi da shugabannin jami'o'inmu suka zaɓa su yi.